Wa Ya Ɗora Wannan Labarin a Sama?

A kowane gidan rediyo ko jarida, gardamar da ta fi zafi ita ce ta labarin da za a fara da shi. Wani ya ce harin da aka kai ƙauye ne, wani ya ce ƙarin kuɗin mai ya fi shafar jama'a, a ƙarshe edita ya yanke hukunci, kuma kowa ya san wuyan wanda za a kama idan hukuncin ya ɓaci. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, zuwa buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, zuwa Rediyon Kaduna da su Freedom ta Kano, a kan wannan tsari Bahaushe ya saba karɓar labari. Akwai mutum mai suna da ofis wanda ya ce wannan ne na ɗaya, wancan na biyu, wancan kuwa a bar shi sai gobe. Ana iya zarginsa da son kai, ana iya kiransa ɗan koren gwamnati, ana iya rubuta masa wasiƙa ko a maka shi a kotu. Duk wannan yana yiwuwa ne saboda an san shi.

Yau ɗimbin mutanenmu, musamman matasa, a fuskar waya suke fara jin abin da duniya ke ciki: a Facebook, a TikTok, a X (wanda a da ake kira Twitter), ko a manhajojin labarai irin su Opera News da Phoenix da ake tararwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix. A can ma akwai na ɗaya da na biyu, akwai kuma wanda ba za ka taɓa gani ba. Abin da nake son in kafa hujja a kai shi ne cewa jera labari hukunci ne, ko mutum ya yi shi ko na'ura, kuma wanda ya yanke wa miliyoyin mutane hukuncin abin da za su fara gani kowace safiya bai kamata ya fake da cewa shi ba ɗan jarida ba ne. Aikin edita yake yi, sai ya ɗauki nauyin edita.

Yadda abin ke tafiya ba tsafi ba ne. Da ka buɗe manhaja, na'ura tana tattaro dubban rubuce-rubuce da bidiyoyin da za ta iya nuna maka. Sai ta ɗauki kowanne ta yi hasashe a kansa, bisa abin da ka saba yi da abin da masu kama da kai suka yi: shin zai danna alamar so? Zai yi tsokaci? Zai yaɗa? Zai kalli bidiyon har ƙarshe, ko zai wuce? Kowane ɗayan waɗannan yana da makin da aka ba shi. A haɗa makin, wanda ya fi yawa ya hau sama. Wannan lissafin ne ake kira algoridim. Abin lura shi ne na'urar ba ita ke yanke nauyin kowane maki ba. Ma'aikatan kamfani ne ke zama a Kalifoniya ko wani wuri su ce tsokaci ya fi alamar so daraja, ko tsawon kallo ya fi komai. Kamfanonin na son a riƙa cewa "na'ura ce," amma a bayan na'urar akwai mutanen da suka zaɓi abin da za ta auna.

Da ba haka abin yake ba. Facebook ya fito da jerin labaransa a watan Satumba na 2006, kuma tun a lokacin masu amfani da shi suka yi ca a kansa. Twitter da Instagram kuwa har zuwa 2016 bisa lokaci suke jera abubuwa, na baya-bayan nan a sama, kafin su ma su koma ga lissafi. Dalilin komawar a bayyane yake: da talla suke cin abinci, kuma gwargwadon daɗewarka a kan manhaja gwargwadon tallan da za a nuna maka.

Mun san wani abu game da makin nan ne saboda wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida a 2021, ta kuma ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka a watan Oktoba na shekarar. A cikin takardun aka ga cewa daga 2017 kamfanin ya ba ƙananan fuskokin nan da ake dannawa, har da jar fuskar fushi, nauyin da ya ninka na babban yatsa sau 5. Daga baya masu binciken kamfanin da kansu suka gano cewa rubutun da ke tara fuskar fushi ya fi yiwuwar zama ƙarya ko cin mutunci, amma sai a watan Satumba na 2020 aka mayar da makin fushi sifili. Shekara uku ke nan ana ba abin da ke ɓata wa mutane rai fifiko, kuma babu wanda aka shawarta cikinmu. A watan Janairu na 2018 kamfanin ya sake wani gyara, ya ce yana son ƙarfafa hulɗa mai ma'ana tsakanin 'yan'uwa da abokai, sai ya ƙara wa tsokaci da mayar da martani daraja. Takardun sun nuna cewa wasu jam'iyyun siyasa a Turai, ciki har da na Poland, sun kai kuka cewa sabon tsarin ya tilasta musu zafafa harshe, don idan ba su kai hari ba babu mai ganin saƙonsu. Da X ya buɗe wani ɓangare na lissafinsa a watan Maris na 2023, abin da aka gani a can ma shi ne mayar da amsa ya fi alamar so nauyi ninkin-ba-ninkin.

To, a ɗauko wannan ma'auni a ɗora shi a kan dandalin Hausa. Wane irin rubutu ne ke tara tsokaci a wurinmu? Kowa ya sani. Raddin wani malami ga wani malami. Saɓanin Izala da ɗariƙa. Rikicin sarautar Kano. Mutuwar auren 'yar fim. Sabuwar fitinar nan ta raba Hausa da Fulani, wadda wasu shafuka marasa suna suke hura wa wuta dare da rana. Abin da ya fi damuna a nan shi ne mutumin kirki. Zai ga ƙarya ƙiri-ƙiri, zuciyarsa ta ƙi daurewa, ya shiga ya rubuta, "Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah, wannan ba gaskiya ba ne." Niyyarsa gyara ce. Amma a wurin lissafi, tsokacinsa da na wanda ya rubuta "Allah ya ƙara basira" duk tsokaci ne. Idan mai rubutun ya mayar masa da baƙar magana, shi ma ya rama, to sun ƙara wa ƙaryar maki, an kai ta gaban wasu dubbai. Mutum yana ƙoƙarin kashe wuta da hannunsa, ashe an tsara abin yadda hannun nasa ne zai yaɗa ta.

Sai a dubi ɗaya gefen. Gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan ambaliya, ɓullar kwalara a wata ƙaramar hukuma, farashin taki, ranar rufe rajistar jarrabawa, abin da aka ware wa asibitoci a kasafin jiha. Irin waɗannan mutum karantawa yake yi, ya gyaɗa kai, ya faɗa wa iyalinsa, ya wuce. Sun amfane shi fiye da raddi ɗari, amma bai bar wata alama mai nauyi ba, shiru kuwa ba shi da maki. An ga misalin haka a Amurka a watan Agusta na 2014, lokacin da garin Ferguson ya yamutse bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata. Masaniyar nan Zeynep Tufekci ta ja hankali cewa a Twitter, mai jeri bisa lokaci a wancan zamani, zancen ya cika ko'ina, amma a Facebook abin da ya cika mata ido shi ne bidiyoyin masu sheƙa wa kansu ruwan ƙanƙara don neman taimako ga masu wata cuta. Ba wanda ya hana labarin fita. An dai tura shi ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Daga nan ma'aunin yake tsallakawa daga mai karatu zuwa mai rubutu. Tun da X ya fara raba wa masu shafuka kuɗin talla a 2023, Facebook kuma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi a 2024, tara jama'a ya zama sana'a. Ba na ƙyashin kowa da abincinsa, kuma na san matasa da yawa da suke wannan aiki da mutunci. Amma duk wanda ya gane cewa fushi ne ke kawo ciniki, akwai jarrabawa a gabansa. Shi ya sa za ka ga "Da ɗumi-ɗumi" a kan labarin makon jiya, ka ga "Innalillahi, ku kalli abin da ya faru" ba tare da an faɗi abin da ya farun ba, ka ga an yanko daƙiƙa talatin daga wa'azin sa'a guda don a haɗa malamai biyu faɗa. Hatta kafafen da muke girmamawa sun fara karkata kanun labaransu zuwa wannan salo, don su ma a hannun lissafin suke. Kuma mai riƙe da lissafin ba ya jin nauyinsu. A watan Agusta na 2023, saboda saɓani da gwamnatin Kanada kan biyan kafafen labarai, kamfanin Meta ya toshe labarai gaba ɗaya a manhajojinsa na Facebook da Instagram a ƙasar, a daidai lokacin da wutar daji ke korar mutanen birnin Yellowknife daga gidajensu.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu fiye da Bature, kuma ita ce zuciyar maganata. Kamfanonin za su ce ai suna da wani lissafin na biyu, mai gano ƙarya da kalaman ƙiyayya ya danne su. Gaskiya ne, akwai shi. Amma ɓangarorin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanda ke ɗaga rubutu sama ba ya buƙatar jin Hausa, ƙirga kawai yake yi: mutum nawa suka tsaya, nawa suka yi magana. Wanda ke dannewa kuwa dole sai ya fahimci abin da aka ce. Mota ce da toturta ke aiki a kowace ƙasa, birkinta kuwa Turanci ya fi ji. Hausa kuma ba harshen da ake kamawa da jerin kalmomi ba ne. Bahaushe zai yi habaici ya tunzura gari guda ba tare da ya furta zagi ko ɗaya ba. Zai sakaya da karin magana, ya cakuɗa da Larabci da Turanci, ya rubuta ba ƙugiya, kowa da irin tasa ƙa'idar rubutu, ko ma ya bar rubutun ya yi magana a bidiyo da karin harshen Sakkwato ko na Damagaram. A takardun Haugen an ga cewa kashi 87 cikin 100 na abin da Facebook ya ware don tantance labaran ƙarya a Amurka ya tafi, sauran duniya duka ta raba kashi 13, alhali Arewacin Amurka kusan kashi 10 ne kawai na masu shiga manhajar kullum.

Wannan ba zancen takarda ba ne, mun binne mutane a kansa. A watan Yuni na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Gashish da ke Barikin Ladi a Jihar Filato. Kisan gaskiya ne. Amma cikin hotunan da suka mamaye Facebook a ranar akwai na wani jariri da aka sassara, wanda tun watanni kafin nan yake yawo, da wani bidiyo da a Kongo-Brazabil aka ɗauke shi a 2012. Washegari matasa suka tare hanyoyi, aka fitar da matafiya daga motoci aka kashe mutum 11. 'Yan sandan jihar sun shaida wa masu binciken BBC cewa hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar. Binciken ya kuma gano cewa a lokacin mutum 4 ne kacal ke aikin tantance labarai ga 'yan Najeriya miliyan 24 da ke hawa Facebook duk wata, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu, duk da cewa tun 2016 kamfanin ke alfahari da sanya Hausa a manhajarsa. Daga baya an faɗaɗa aikin tantancewar zuwa Hausa, wannan a yaba. Sai dai irin wannan labari ya maimaitu a Myanmar, inda kamfanin da bakinsa ya amince a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba game da kalaman ƙiyayya a kan Musulmin Rohingya, ya kuma maimaitu a Habasha, inda aka kashe Farfesa Meareg Amare a Bahir Dar a 2021 bayan an yi ta yaɗa sunansa da unguwarsa a Facebook, har ɗansa ya shigar da ƙara a Kenya. Duk ƙasashe ne da harsunansu ba su cikin waɗanda birkin ya iya da kyau.

A Suratul Hujurat an umarce mu da bin diddigi idan fasiƙi ya zo da labari, malaman hadisi kuma sun ƙarar da rayuwarsu wajen tantance wa ya ji daga wa. Tarbiyyarmu ke nan: a dubi mai kawo labari. Amma a waya akwai masu kawowa biyu. Akwai wanda ya rubuta, da wanda ya zaɓo rubutun daga cikin dubbai ya ajiye maka a gaba. Na farkon muke tuhuma kullum, na biyun ko ganinsa ba ma yi.

Za a ce mini na'ura abin da kake so take ba ka, idan ka ga shirme to shirmen kake bi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tsayawa a kan abu ba son sa ba ne. Mutum yakan tsaya a kan abin da ya firgita shi ko ya ƙona masa rai, kuma da za a tambaye shi zai ce kada a sake kawo masa. Sannan jerin yana taɓa mai karatu, ba biye masa kawai yake yi ba. A watan Janairu na 2012 Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003 ba da saninsu ba, ya rage wa wasu rubutun farin ciki, wasu na baƙin ciki, aka ga abin da suke rubutawa ya ɗan karkata zuwa irin abin da aka bar musu. Karkatar ƙarama ce ƙwarai, amma ta nuna hannun da ke kan ma'aunin.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma adalci ne in kawo ta. Mutane da yawa, har da Haugen, suna ganin mafita ita ce a koma jeri bisa lokaci. An gwada. A lokacin zaɓen Amurka na 2020 masu bincike sun mayar da dubban masu amfani da Facebook da Instagram kan wannan tsari na wata uku, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2023. Mutanen sun rage daɗewa a manhaja, amma sun ƙara cin karo da labarai daga majiyoyi marasa inganci, kuma ra'ayinsu na siyasa bai sauya ba a zo a gani. Wasu masana sun soki binciken da cewa a daidai lokacin kamfanin ya ɗaure lissafinsa da matakan gaggawa saboda zaɓe, don haka ba ainihin lissafin yau da kullum aka auna ba. Ko ma dai yaya ne, jeri bisa lokaci yana fifita wanda ya fi yawan surutu, kuma masu shafukan fitina ba sa gajiya. Mu ma ba mu kuɓuta daga laifi ba. Saƙon wanka da ruwan gishiri na lokacin Ebola a 2014 babu lissafin da ya tura shi, hannu da hannu muka yaɗa shi cikin dare har aka rasa rayuka. Editocin da ma ba mala'iku ba ne, duk wanda ya saurari rediyon gwamnati a zamanin soja ya san haka. Don haka ba cewa nake akwai wani jeri tsarkakke da za a koma masa ba. Cewa nake duk jerin da za a yi, a san wanda ya yi shi, a san ma'auninsa, a kuma bar wa mai karatu ikon sauya shi.

Abin takaici shi ne duk lokacin da hukumominmu suka waiwayi wannan batu, bakin talaka suke nufa. Ƙudurin dokar kafafen sada zumunta da Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo a 2019 hukunta mai rubutu da ba hukuma ikon toshe intanet ya sa a gaba. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Buhari ta rufe Twitter har zuwa Janairun 2022, bayan an goge wani saƙon shugaban ƙasa, kuma masu ƙananan sana'o'i ne suka sha wuya. A Nijar an dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Ko mene ne ƙorafin mahukunta a kan waɗannan kafafe, suna da editocin da za a iya kira a ƙalubalanta. Idan aka rufe su, jama'a ba daina neman labari suke yi ba, komawa suke ga TikTok da Facebook, inda babu wanda za a kira.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya dabam, kuma ita nake ganin ta dace da mu. Dokarta ta ayyukan intanet, wadda ta fara hawa kan manyan dandamali a watan Agusta na 2023, ta wajabta wa duk mai masu amfani miliyan 45 zuwa sama ya bayyana manyan ma'aunan da yake jera abubuwa da su, ya ba mutane zaɓin jerin da bai dogara da bibiyar halayensu ba, ya kuma buɗe wa masu bincike ƙofar duba bayanai. Ba ta ce a rufe bakin kowa ba. Najeriya ba ta rasa ƙarfin neman irin wannan. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Ƙasar da ta iya wannan za ta iya cewa a rubuta mana ma'aunin da Hausar da kowa zai gane, kuma idan mutum ya zaɓi jeri bisa lokaci zaɓin ya zauna, ba kamar yanzu da aka cusa shi a lungu kuma da ka fita ka dawo an mayar da kai kan na kamfani ba. Za ta iya cewa a ba masu bincike na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello damar ganin abin da ya fi yaɗuwa da Hausa, musamman tun da Meta ya rufe CrowdTangle a watan Agusta na 2024, manhajar da 'yan jarida ke bibiyar hakan da ita.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma mun san irin abin da ke cika wayoyi a lokacin zaɓe. Dokar Turai ta tilasta wa kamfanonin nan su riƙa faɗin yawan ma'aikatan da ke duba rubutu a kowane harshen hukuma na Tarayyar, har da na Malta, ƙasar da mutanenta ba su kai na wasu ƙananan hukumomin birnin Kano ba. Sanatoci da 'yan majalisar da muka tura Abuja daga Arewa suna da kwamitocin sadarwa, suna da ikon gayyata. Su kira Meta da TikTok da X kafin a buga gangar kamfe, su tambaye su a bainar jama'a: mutum nawa kuke da su masu jin Hausa, a ina suke zaune, kuma sa'a nawa ake ɗauka kafin ɗayansu ya duba rubutun da aka kai ƙara?